A Duba Haƙori Kafin Ƙaho

Ranar da Baba ya fara tafiya da ni karar Charanchi sayen shanun huɗa, ban wuce shekara 11 ba. Muka bar Kaikai bayan sallar asuba, muka biyo ta Kankia, kafin hantsi ya dubi ludayi mun shiga ƙurar kara. Muna shiga idona ya faɗa kan wani farin bijimi mai ƙaho kamar an zana, tozonsa har ya kwanta gefe guda saboda cika. Na ja hannun rigar Baba. Bai ce mini komai ba. Ya matsa, ya sa yaron dillali ya kama hancin san, shi kuma ya janye leɓen ƙasa ya leƙa. Haƙoran sun cinye, sun zama gajeru, ga giɓi a tsakaninsu. Ya saki, ya goge hannu a gefen wando, ya ce, "Wannan ya gama nomansa. Na mahauta ne."

Har la'asar ba mu sayi komai ba. Na gaji, ƙishirwa ta kama ni, na rasa abin da yake nema, don mun wuce shanu masu kyau sun fi ashirin. Sai daga baya na gane ba sa mai kyau yake nema ba, shanu biyu yake nema da za su yi tafiya ɗaya. Da ya same su kuwa, ba su cika ido ba: matsakaita, tsawonsu ɗaya, kowanne da manyan haƙora huɗu a gaba. Damina huɗu suka yi mana suna huɗar gero da dawa da gyaɗa, kuma da rani suna jan amalanken taki.

Wannan rana ce ta faɗo mini a rai da ɗan yayata ya zo gaishe ni bayan sallar layya, da waya a hannu. Yaron yana zaune a wani shagon caji a Kankia, yana tura wa mutane finafinai da karatu, kuma shekara biyu ke nan yana zubin adashi da niyya guda: ya haɗa kwamfutar wasa da hannunsa. Ba ta kanti ba wadda aka rufe aka ɗaure, a'a, ya sayi kaya ɗai-ɗai ya ɗaura. Ya san na daɗe ina gyaran kwamfutocin ofis a Katsina, shi ya sa ya kawo maganar gare ni kafin ya kai ta gaban mahaifiyarsa. Ni kuwa ban taɓa ɗaukar wannan buri nasa a matsayin shiririta ba. Yaron da ya iya haɗa kwamfuta daga kusa zuwa kusa ya riga ya kama bakin sana'a, ko da ƙwallo ce ta kai shi.

Ya nuna mini hoto biyu. Na farko wani mai shago a Kano ne ya turo masa. "Kawu, i7 ne fa, kuma da araha." Na biyu akwati ne shuɗi da aka rubuta i9-14900K, wanda ya gani a YouTube. "Wannan kuma shi ne ƙarshe, in da hali."

Na ce masa ya buɗe hoton farko, ya karanta mini lambar gaba ɗaya. Ya matso da ita, ya ce, "i7-4770."

Farin bijimin Charanchi ke nan. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ɗan faifai ne da bai kai akwatin ashana ba, kuma duk kamarsu ɗaya a ido. Sunan da ke gaba, i3 ko i5 ko i7 ko i9 a wajen Intel, Ryzen 3 ko 5 ko 7 ko 9 a wajen AMD, shi ne ƙaho da tozo. Yana gaya maka matsayin abin a cikin tsararrakinsa, amma ba ya gaya maka shekarunsa. Haƙoran suna cikin lambar da ke biye. A wajen Intel, lambar farko ko biyun farko su ne zubin da aka yi shi: 4770 ɗan zubi na 4 ne, ya fito a 2013, 2600 ɗan zubi na 2 ne, na 2011, 12400 ɗan zubi na 12 ne, na 2022. Shi i7-4770 a zamaninsa gwarzo ne, na yi aiki da irinsa da yawa, ba na raina shi. Amma ƙaramin i3-12100F na 2022, wanda sunansa ba ya burge kowa, ya fi shi gudu nesa ba kusa ba a kusan kowane wasa. Matashin sa mai haƙori huɗu ya fi tsohon bijimi huɗa, komai girman ƙahonsa.

Kasuwanninmu cike suke da irin waɗannan tsofaffi, domin ofisoshin Turai da Amurka suna zubar da kwamfutocinsu bayan 'yan shekaru, a loda su a kwantena, su sauka Legas, su bi ta Ikeja su iso titin Beirut a Kano. Ba laifi ba ne a sayar da su, kuma ga mai buga takardu ko rajistar jarrabawa suna da amfani. Sai dai akwai wata ƙofa da ta riga ta rufe a gabansu. Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a ƙa'ida ba ya karɓar Intel da bai kai zubi na 8 ba, ko Ryzen da bai kai jerin 2000 ba. Wanda ya zuba adashin shekara biyu a kan ɗan zubi na 4, ya sayi abin da masu shi suka yi wa sallama. Haka nan waɗannan Xeon da ake tallatawa da arha daga Sin, a ce maka "kor goma sha biyu": tsofaffin takarkarai ne na ɗakunan sabar kamfanoni, an yi su don ɗaukar kaya mai nauyi a hankali, ba don sauri ba.

Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, ai sai in ƙara haƙuri in sayi babban."

A nan ne maganar ta yi tsawo, don a nan yawancin masu farawa suke zubar da kuɗinsu. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin an ɗaura ƙaton sa da ɗan maraƙi a karkiya ɗaya. Ya ce ya gani, a gonar maƙwabta, shekarar da ɗayan sansu ya mutu suka aro wani. Na ce yaya kunyar ta fita? Ya yi dariya ya ce kamar maciji ya bi. Babban yana ja, ƙaramin yana turjewa, itacen yana karkacewa a wuyansu, mai riƙe da garma yana fama. Kuma a ƙarshe gudun ƙaramin ake yi, ba na babban ba. Ƙarfin da aka biya kuɗi aka saya yana nan tsaye yana jiran ɗan'uwansa.

Kwamfutar wasa ma shanu biyu ne suke janta: firosesa da katin hoto. Ɗauki wasan ƙwallon da yaranmu suka fi so, ko EA Sports FC, wanda ake kira FIFA har zuwa 2023, ko eFootball na Konami, wanda har yau a gidajen gem ake ce masa PES. Firosesa ne yake lissafin inda 'yan wasa 22 suke, da inda ƙwallo za ta faɗa, da abin da yatsanka ya danna, da ko an yi satar gida. Idan ya gama sai ya miƙa wa katin hoto, shi kuma ya zana ciyawa da riguna da inuwa da 'yan kallo. Sau 60 a kowace daƙiƙa suke wannan miƙa-in-karɓa idan ana son motsi ya tafi sumul. Duk wanda ya makara a cikinsu, ɗayan sai ya jira. Kuma a yawancin wasanni, nauyin zanen ya fi na lissafin, wato katin hoto ne yake gefen da ƙasa ta fi tauri. Saboda haka wanda ya kwashe kuɗinsa ya sayi i9, ya zo wajen kati aljihu ya yi sanyi ya ɗauki ƙaramin GTX 1650, zai kunna ya ga hoto yana tsinkewa, ya rasa dalili. Wanda kuwa ya sayi matsakaicin firosesa ya ƙara ragowar a kan kati, shi ne zai ji daɗin wasa. Abin da nake gaya wa kowa shi ne kuɗin katin hoto ya fi na firosesa, ya kusa ninka shi in da hali.

Akwai kuma na ukun da ake mantawa, wato allon da za a kalla. Idan allonka hoto 60 yake iya nunawa a daƙiƙa, kamar yawancin talabijin da ke ɗakunanmu, to firosesan da zai iya lissafin hoto 300 bai ƙara maka abin a-zo-a-gani ba. Gonar ɗan tiya biyu ba ta bukatar tarakta.

Ya ce ai an ce i9 kor 24 gare shi. Gaskiya ne, manya 8 da ƙanana 16. Kor kamar mutum ne riƙe da fartanya a cikin faifan. Firosesa mai kor shida, ma'aikata shida ke nan. Idan noman gayya ne a gandu mai faɗi, yawan hannu yana gama aiki da wuri, kuma akwai ayyukan kwamfuta masu irin wannan faɗi, kamar tace dogon bidiyo. Amma wasa ya fi kama da haƙar rijiya. Ko ka tara mutum ashirin a baki, kaɗan ne za su shiga ramin, kuma saurin aikin yana hannun wanda yake ƙasa da diga. Yawancin wasannin yau suna gamsuwa da kor shida masu ƙarfi. Takwas wadata ce. Abin da ya wuce haka 'yan kallo ne da kake ciyarwa.

Wani abin da ya fi yawan kor tasiri a wasa, ba kowa yake lura da shi ba. Mai shuka yana da iri a wuri uku: a rumbu a gida, a buhu a bakin gona, da kuma a ƙoƙon da ke hannunsa. Ma'ajiyar kwamfuta ita ce rumbu, RAM shi ne buhun bakin gona, ƙoƙon kuwa wata 'yar ma'ajiya ce a cikin firosesan kansa da ake kira kash. Duk lokacin da ƙoƙo ya ƙare sai an taka zuwa buhu, kuma takawar nan ita ce ɓata lokaci. A Afrilun 2022 AMD ya fitar da Ryzen 7 5800X3D, wanda bai fi 'yan'uwansa yawan kor ba, bai kuma fi su gudun agogo ba, sai dai an ninka masa ƙoƙon sau uku, daga megabait 32 zuwa 96. Da wannan kawai ya kama kafaɗar mafi tsadar Intel na lokacin a fagen wasa. Magadansa, 7800X3D na 2023 da 9800X3D na 2024, su ne suka shiga gaba bayansa idan ana maganar wasa zalla, kuma dukansu kor takwas ne. Na kawo wannan ne ba don yaron ya saya ba, kuɗinsu ya haura dala 400 ranar da suka fito. Na kawo ne don ya daina auna firosesa da lambar da aka fi rubutawa da manyan baƙi a jikin akwati.

Sai na koma kan abin da Baba ya fi damuwa da shi a kara, wanda a lokacin ban fahimta ba. Duk san da ya tsaya a gabansa, sai ka ga leɓensa yana motsi. Lissafin harawa yake. Sayen sa na rana ɗaya ne, ciyar da shi na kullum ne, kuma daga Janairu zuwa faɗuwar ruwa babu ɗanyar ciyawa a ƙasarmu. Sai harawar wake da ta gyaɗa da aka ɗora a kan bishiya, da dusa, da ƙaiƙayi, da kanwa. Na san gidajen da suka sayi manyan shanu da kaka, kafin bazara haƙarƙarinsu ya fito, ranar da aka yi ruwan shuka ba su iya jan garma ba.

Harawar firosesa wuta ce, kuma duk wanda ya zauna tsakanin Kusada da Kankia ya san yadda muke da ita. Shi i9-14900K idan aiki ya yi masa nauyi yana iya shan wat 253 shi kaɗai. Katin da ya dace da shi, irin RTX 4090, wat 450 ne. Kafin ka lissafa allo da fankoki ka haura wat 700. Ƙaramin janaretan da ke shagunan caji bai kai wat 1000 ba, kuma tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kowa ya san abin da lita take ci. A ɗaya gefen, Ryzen 5 5600 ɗan wat 65 ne a rubuce, katin RX 6600 kuma wat 132. Duka kwamfutar da allonta ba za su wuce wat 300 ba a tsakiyar wasa.

Muka yi lissafin a bayan kwalin magani. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya 200, irin wanda suke da shi a shago, yana riƙe da wat 2400 na awa ɗaya. Idan na ruwa ne, ba a so a sauke shi ƙasa da rabi, in dai ana son ya yi ƙarko. Saura 1200 ke nan, inbata kuma ta ci nata kason. Kwamfutar wat 300 za ta ba ka awa uku da wani abu bayan isha'i. Ta wat 700 ba za ta kai awa biyu ba. Yaron ya daɗe yana kallon kwalin.

Duk wat ɗin da firosesa ya sha kuma zafi yake zama, babu inda yake zuwa sai cikin ɗakinka. Masu gwajin da yake kallo a YouTube a ɗakuna masu na'urar sanyi suke zaune. Mu kuwa a watan Afrilu zafin Katsina yana haura digiri 40 a inuwa, balle ɗaki mai rufin kwano da ƙaramar taga. Duk digirin da ɗaki ya ƙaru, kusan shi firosesa yake ƙaruwa. Idan ya kusa digiri 90 zuwa 100, gwargwadon irinsa, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, kamar yadda sa yake tsayawa cak a tsakiyar kunya idan rana ta take, ko ka ɗaga bulala. Shi ya sa manomi mai hankali yake fita huɗa da sanyin safiya ya kwance su kafin azahar. Ga kuma hunturu, da ƙurarsa mai laushi kamar garin bula, wadda take shiga tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya ta toshe su. Firosesa mai ƙarancin ci yana yafe maka duk wannan, fankar da ta zo a akwatinsa ma tana iya riƙe shi, in ka ƙara 'yan kuɗi ka sayi wadda ta fi ta girma kuma ka huta. Babba ba ya yafewa. Har a ƙasashe masu sanyi da tsayayyar wuta, a 2024 Intel da kansa ya amince cewa manyan 'yan zubi na 13 da na 14 suna lalacewa saboda yawan ƙarfin wutar da suke nema, ya fitar da gyara, ya ƙara musu garantin shekara 2. Wanda ya sayi irinsu na hannu a kasuwa, ba shi da hanyar sanin wahalar da suka sha kafin su iso gare shi, kuma garantin ba zai biyo shi Kaikai ba.

Daga nan maganar ta sauƙaƙa, don masu takarar sun ragu. Akwai i5-12400F na Intel, na Janairun 2022, da Ryzen 5 5600 na AMD, na Afrilun 2022 wanda ya fito a kan dala 199. Kowanne kor shida, kowanne mai sauƙin ciyarwa, kuma a wasa da kyar za ka bambance su da ido. Gardamar Intel da AMD da samari suke yi kamar ta magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallo, ni ban ga amfaninta ba. Kamfanonin nan biyu maƙwabta ne a Kaliforniya, ɗaya an kafa shi a 1968 ɗaya a 1969, kuma tun lokacin yau wannan ne a gaba gobe wancan. Baba bai taɓa cewa shi ɗan Bunaji ne ko ɗan Bokoloji ba. Wanda ya samu lafiyayye a farashin da ya dace, shi yake ja zuwa gida.

Abin lura shi ne kowane firosesa da mazauninsa a jikin madabod, babban allon da komai yake hawa, kuma ba a yi musu dole. Ryzen 5 5600 a mazaunin AM4 yake zama, wanda AMD ya fito da shi tun 2016, ya daɗe har madabod ɗinsa irin B450 da B550 suka cika kasuwa suka yi araha, kuma RAM ɗinsa DDR4 ne mai sauƙin kuɗi. Tsohon B450 wani lokaci sai an sabunta masa manhajar tashi kafin ya gane 5600, don haka a tambaya. Shi 12400F a LGA1700 yake zama, a kan H610 ko B660 ko B760, wasu na DDR4 wasu na DDR5, sai an duba. Duka mazaunan biyu an riga an yi musu magada: AM5 a 2022, da LGA1851 a 2024. Mai ɗan ƙarfin aljihu da yake tunanin canja firosesa nan da shekara uku ba tare da ya zubar da sauran kaya ba, Ryzen 5 7600 a kan AM5 ya fi masa, don AMD ya yi alkawarin riƙe wannan mazauni har 2027 ko fiye. Sai dai AM5 ba ya karɓar komai sai DDR5, kuma tun ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya saboda yadda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suke wawashe shi. Ga mai kuɗin adashi, wannan bambanci yana iya zama shi ne kuɗin katin hoto.

Harafin da ke wutsiyar lamba ma yana da magana. F a wajen Intel yana nufin babu mai zana hoto a cikinsa. In ba ka sa kati ba, allo baƙi za ka gani, ka ɗauka an cuce ka. Haka Ryzen 5 5600 yake, ko da ba shi da F. K na masu son ƙara wa firosesa wuta ne fiye da ƙa'ida, yana bukatar madabod mai tsada, ba ya zuwa da fanka, kuma mai farawa ba shi da abin yi da shi. G a wajen AMD kuwa alheri ne ga wanda kuɗinsa bai kai na kati ba tukuna. Ryzen 5 5600G yana da ɗan mai zane a cikinsa wanda zai ja eFootball da GTA V idan an sassauta musu ado. Kamar mai sa ɗaya ne da yake lallaɓa gonarsa kafin Allah Ya hore masa na biyu. Ba zai kai 5600 ƙarfi ba ranar da kati ya zo, don ƙoƙonsa rabi ne, amma ya fi zaman jira da akwatin da ba ya kunnuwa.

Wuri ɗaya ne kwatancin nan nawa ya ƙi tafiya, kuma na gaya wa yaron don kada in yaudare shi. Shanun da Baba ya saya a Charanchi, bayan damina huɗu ya ɗaure su a turke ya yi musu kiwon wata uku, ya sayar da su fiye da yadda ya saye su, ya sayi wasu matasa har da canji. Sa yana noma yana ƙara daraja. Firosesa daga ranar da ka buɗe akwatinsa yake raguwa, kuma duk shekara sai an haifi wanda ya fi shi a kuɗin da bai kai nasa ba. Don haka sayen babba "saboda gaba" asara ce ninki biyu: ka biya kuɗin ƙarfin da ba ka amfani da shi yau, ranar da za ka bukace shi kuma ya riga ya zama tsohon yayi.

Da watan ɗaukar adashinsa ya kama muka shiga mota a Kankia muka tafi Kano. A shagon da muka tsaya na yi abin da na ga Baba yana yi. Shi ba ya biya sai an kwance sa an zagaya da shi ya ga takunsa, ya duba kofato, ya taɓa hanci ya ji da danshi. Na ce a fito da firosesan, na juya shi a hasken ƙofa. Na AM4 ƙafafunsa a jikinsa suke, siraran allurai na zinariya sama da 1300, kuma guda ɗaya in ta lanƙwashe tana iya hana komai tashi. Na bi su layi-layi, suna tsaye kamar shukar da aka ja wa igiya. Na ce a ɗora shi a kan madabod ɗin da za mu saya, ba wani ba, a kunna a gabanmu. Mai shagon ya ce, "Alhaji, ai sabo ne." Na ce na yarda, a kunna dai. Muka buɗe CPU-Z, 'yar manhajar da take karanta sunan firosesa daga cikinsa, don rubutun da ke kan murfi ana iya goge shi a sake wani. Sunan ya fito daidai. Muka ɗora masa aiki mai nauyi na minti 20, muna shan ruwan leda muna kallon lambar zafi tana hawa, har ta tsaya a inda hankalina ya kwanta. Sannan yaron ya ciro kuɗin daga cikin safa.

Ryzen 5 5600 ya saya, da madabod B550, da RAM gigabait 16 a sanda biyu, don sanda biyu sun fi ɗaya mai girmansu gudu, da katin RX 6600 na hannu wanda shi ma sai da aka gwada. Na hana shi rage kuɗi a kan akwatin da ke raba wuta, kuma na sa ya ajiye na sitabilaiza, saboda na ga wuta ta dawo da ƙarfi ta kashe kayan da suka fi nasa tsada. Ya haɗa ta a kan tabarma a ɗakin mahaifiyarsa, ƙannensa sun yi masa zobe, hannunsa yana rawa lokacin da zai sauke ɗan ƙarfen da ke kulle firosesa. Da ya danna maɓalli fanka ta juya, allo ya kawo haske, ya ɗago ya ce, "Kawu, ta tashi."

Ga duk matashin da yake tara kuɗi irin nasa, a Kaikai ko Kusada ko Ingawa, hukuncina ke nan: kor shida, ɗan zubi na 12 zuwa sama in Intel ne, jerin 5000 zuwa sama in Ryzen ne, wanda cinsa bai wuce abin da batirinka zai iya ba, ragowar kuɗin kuma a kai su kan katin hoto. Idan ka isa shago aka ce maka "i7 ne", ka ce a karanta maka sauran lambar. Kada ka miƙa kuɗi sai an kunna shi a gabanka, ka ga sunansa da zafinsa a kan allo.